Wadda Aka Bari a Gungu

Litinin, 16 ga Satumba, 1968

An kawo yarinyar jiya da la'asar. Yaya Kulu, yayar maigidana Malam, ita ta rako ta daga sabon garin da gwamnati ta zuba mutanen Gungun Kuka. Ta ce wata biyu tana fama, ta gaji. Ba ta magana, ba ta cin kirki, ga fitsarin kwance, ga cizo. Har shaidar haƙora ta nuna min a hannun ɗanta. Wai mu gwada asibitin nan Yelwa tunda muna kusa. In azumi ya kama ba sauƙi, za ta dawo ta kai ta Ngaski wurin wani malami mai cire iskar ruwa, wanda ake bar wa yaro shekara ko fiye.

Na ce to. Me zan ce? Ɗiyar fari ce. Tun ranar da aka yaye ta uwar Malam ta tafi da ita gungu, ita ta rene ta, ita take kira Inna. Tsohuwar ta rasu kwana tara kafin a kwashe su saboda ruwan dam, can aka binne ta. Ni kuwa sau biyar na ga yarinyar cikin shekara huɗu, ban taɓa kallonta ido da ido gaban mutane ba, balle in kira sunanta. Haka uwata ta yi da yayanmu, kuma ga shi nan garau da 'ya'yansa.

Shekararta shida. Kunnuwan Malam ne da ita sak.

Laraba, 18 ga Satumba

Bayan randa ta zaɓa. Nan take wuni. Ina ajiye mata tuwo kusa, in yi kamar mantuwa na yi da kwanon. Wani lokaci a taɓa, wani lokaci kaji su ci.

Yara arba'in da uku gare ni a aji ɗaya, harara guda ta isa su yi tsit. Yau ga guda ɗaya ina so ta yi surutu, ban san ta inda ake farawa ba.

Da yamma ina yi wa Jabiru wasa, ina cilla shi sama yana ƙyalƙyala, sai na ji ido a bayana. Na sauke shi. Ban san dalilin da ya sa na ji kamar an kama ni da sata ba, ɗana ne fa.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na kai ta ɗakin shan magani. Zainabu ce ke duba yara yanzu, Zainabun da muka yi makarantar kwana tare, mai satar min sabulu. Ta duba harshe, ta duba kunne, ta ce lafiyarta lau. Na ce to a ba mu maganin. Ta ce in riƙa kawo ta Talata da Alhamis bayan la'asar, ƙarƙashin ceɗiyar da ke bayan ɗakin. Tana tara yaran da ƙaurar nan ta birkita, su yi wasa.

Na ce wasa? Ta ce wasa. Wai ta ga ana yi a Kaduna lokacin da take koyon aiki. Yaro ba shi da kalmomin abin da ke cinsa, amma hannunsa ya sani.

Na ce Zainabu, karatu ya yi miki yawa. Ta ce i, kuma ba aiko ta za ki yi ba, ke za ki kawo ta ki zauna. Na tuna mata ɗiyar fari ce. Ta ce ta sani sarai, ai ita ta ci rabin naman sunan.

Talata, 24 ga Satumba

Mun je. Allah na tuba, in wannan magani ne to ni ma likita ce.

Yara bakwai. Tulin yumɓu, karan dawa, sakaina, tsummoki, buta biyu, da wani buhu cike da ƙaiƙayi rataye a reshe. Doka ɗaya ce: ba a dukan mutum, wanda ransa ya ɓaci ya je ya daki buhu. Shi ke nan. Ba karatu, ba waƙa, ba a tambayar kowa komai. Zainabu na zaune a ƙasa da fararen kayanta tana kallo, jefi-jefi ta faɗi abin da kowa ke gani da idonsa, wai Bappa ya gina shinge, wai Hadiza ba ta son a taɓa mata tsumma. Na ce a raina, wannan ai makaho ake yi wa.

Bappan nan ɗan Fulanin da ruwa ya ci fadamarsu ne, sun sayar da rabin garke. Shanu yake ginawa, ya jera su, ya bi su da ƙafa ya tattake. Hadiza kuwa hannunta ɗaya na wasa, ɗaya na riƙe da zanen uwarta.

Tawa ta tsaya jikin ceɗiya har aka tashi. Ni ina kan benci can gefe, na juya baya rabi.

Na rubuta tawa. Oho dai, ba mai karantawa.

Alhamis, 26 ga Satumba

Jikin ceɗiya. Ba komai.

Talata, 1 ga Oktoba

Hutun 'yancin kai. Mun yi fareti da yara da safe, makogwarona ya dushe. Malam ya zo daga Wara, inda suke rubuta mutanen da aka tayar. Ya ce ruwa ya shiga gungunsu, daga jirgi kan kukar kawai ake gani da kan masallaci. Ya faɗa yana wanke hannu, kamar labarin garin wasu.

Shi ma kunyar ta hana shi. Manya biyu a gida, yarinya na zaune tsakaninmu, shi yana cewa a ba yarinyar nan ruwa, ni ina cewa ai an ba yarinyar nan. Da na ba shi labarin ceɗiya bai yi dariya ba. Ya ce a gwada, amma Yaya Kulu ta riga ta yi magana, kuma ita ce babba.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ta taɓa yumɓu. Ta tara shi tudu guda, ta zauna kusa. Zainabu ta kalle ni kamar an ba ta kujerar Makka. Tudun laka ne fa.

Talata, 8 ga Oktoba

Ta ciji Bappa. Har jini.

Abin da na gani: ta gina tudunta, ta ɗora ɗan ɗaki a kai. Bappa ya gama tattake shanunsa, ya ɗauko buta zai yi kogi, ruwan ya gangaro wajen tudun. Ban ma ga tashinta ba, sai ihunsa.

Na miƙe da takalmi a hannu. Zainabu ta ce in zauna, da muryar da ban san tana da ita ba. Ta wanke wa yaron hannu, ta ɗaure, sannan ta durƙusa gaban yarinyar ta ce ta ga ba ta son ruwa ya taɓa ɗakin, amma Bappa ba na cizo ba ne, ga buhu can. Yarinyar ba ta je buhu ba. Bappa ne ya je, ya yi ta dukansa da lafiyayyen hannun yana zagi da Fulatanci.

Uwar Bappa ta ce min da a rugarsu ne da an san abin yi. Na ba ta haƙuri har sau uku. Kunya kamar in nutse.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na je na ce wa Zainabu mun daina zuwa. Tana tafasa allura, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce wata uku yarinya ba ta ce komai ba, jiya ta faɗi abu na farko, ni kuma ina so in rufe mata baki. Na ce cizo ne magana? Ta ce ke da kike harara yara arba'in su yi shiru, harara magana ce?

Na juya na dawo gida. Gobe dai za mu koma.

Talata, 15 ga Oktoba

Yanzu na lura abu ɗaya take yi kullum. Tudu, ɗaki a kai. Sai ta mulmula mutane, ta jera su cikin sakaina, ta ja sakainar nesa. Amma kafin nan takan sa mutum guda cikin ɗakin. Sai ta zauna gadi, ba mai matsowa da buta. Yaran har sun gane, Hadiza ma ta saki zanen uwarta ta zo ta kafa mata kara kewaye.

Da aka tashi ta ƙi tafiya. Magariba na matsowa. Sai da Zainabu ta kifa kwando a kan tudun, ta ɗora dutse, ta yi alkawarin ba mai taɓawa.

A hanya na so in tambaye ta wane ne a ɗakin. Na buɗe baki, sai ga matan gidan Sarkin Jirgi sun fito daga lungu. Na wuce gaba, ta biyo ni a baya kamar kullum.

Alhamis, 17 ga Oktoba

An yi ruwan ƙarshe jiya, mai ƙarfi. Kwando bai hana komai ba.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan daga bakin yaro ba. Ta faɗa cikin caɓin da hannu biyu tana tono, tana tono, har ta samo wani ɗan curin laka, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ba wanda ya yi wasa yau. Bappa ya tsaya da butarsa yana kallo, can ya je ya zubar da ruwan bayan ceɗiya, ya dawo ya zauna kusa da ita.

Na ji tsoro. Watakila Yaya Kulu ce ke da gaskiya, iska ce. Watakila mu muke ƙara mata. Zainabu ma yau ba ta da bakin tsiya, ta ce ita ma ba ta san inda abin zai kai ba. To in ke ba ki sani ba, wa ya sani?

Talata, 22 ga Oktoba

Ta yi magana.

Ba da ni ba. Ta sake gina tudun, ta kwance curin ta sa a ɗaki. Bappa ya tambaye ta, yadda yara ke tambaya ba kunya ba tsoro, mi ke ciki da ba a son shi jiƙe. Murya ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Inna ta. Ta tahi gona, ba ta dawo ba aka tahi. In ta dawo ba jirgi."

Bappa ya ce to a koma a ɗauko ta mana. Ta ce ruwa ya rufe hanya.

Bayan an tashi Zainabu ta ja ni gefe. Ta ce yarinyar nan ba ta san tsohuwar ta rasu ba. A ganinta da ranta aka bar ta a gungu, ruwa ya zo ya same ta. Wa ya ce mata gona ta tafi?

Na ce ban sani ba, gidan mutuwa kowa na faɗin abin da ya ga dama.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na sani.

Ranar rasuwar an kai yara gidan maƙwabta, yadda ake yi, har aka kai ta aka dawo. Ni na iso da azahar. Ina zaune cikin mata a tsakar gida, dangin Malam duk suna nan, sai ga ta ta shigo tana leƙa ɗaki. Ta bi mata ɗaya-ɗaya ba wadda ta kula ta. Ta zo gabana ta tsaya. Ita ce maganar farko da ta taɓa yi min a duniya: ina Inna?

Ido ya yi min yawa. So nake kawai ta matsa kafin a ce ga Asma'u na hira da ɗiyar fari ranar makoki. Ko kallonta ban yi ba na ce ta tafi gona, tana zuwa. Wata tsohuwa ma ta ce madalla, haka ake yi wa yaro.

Kwana tara tana zuwa bakin hanyar gona, in ji Yaya Kulu, kowa ya ɗauka wasa take. Ran na tara aka ɗauke ta aka sa a jirgi tana shure-shure.

Ban yi makaranta da kyau ba yau. Na sa su karatun baƙi har aka tashi.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na faɗa wa Zainabu. Na zaci za ta yi min tsiya, ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Na ce to ta gaya mata gaskiya, ita ce ma'aikaciya. Ta ce a'a. Wai in wani ya faɗa, yarinyar za ta rasa wa za ta yarda da shi, ni ko shi. Wadda ta ce gona ita za ta ce ba gona ba.

Na ce ban taɓa haɗa jimla biyu da ita ba. Ta ce to ga dalili ya samu.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Malam ya zo. Na gwada tura masa. Ya ce uwarsa ce, in ya buɗe baki kan wannan shi za a rarrasa. Ya fita masallaci tun ba a kira ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Sau uku na shirya maganar, har rubuta ta na yi a bayan rajista kamar darasi. In na tunkari randa sai ƙafata ta kai ni madafa.

Me ma nake tsoro? Ba kowa a gidan sai ni da ita da jariri. Kunyar wa? Ko ba kunya ba ce tun farko, ni dai ban gane ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na bar benci na zauna a ƙasa cikinsu, da sabon zanena. Yaran suka yi ta dariya, wai Malama za ta yi wasan laka. Hadiza ta ba ni curi ta ce in yi akuya. Bappa ya duba ya ce wannan ba akuya ba ce, kwaɗo ne. Uwayen da ke kan benci suka yi ta zunɗe, na ji sarai.

Ita ba ta yi dariya ba. Amma ta ja tudunta ta ɗan ba ni wuri, ko kuma nesa da ni take so, ban tabbata ba.

Azumi saura mako biyu.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na faɗa.

Ba yadda na rubuta ba. Tana cikin sa mutumin a ɗaki na ji bakina ya ce tsaya. Ta tsaya. Na kalle ta, ashe akwai ɗan tabo a girarta ta hagu, ban san da shi ba, ban san ranar da ta same shi ba.

"Inna ba gona ta tafi ba. Rasuwa ta yi, tun jirage ba su zo ba. An yi mata wanka, an yi mata salla, babanki na wurin aka sa ta a ƙasa. Ba a tafi an bar ta ba. Ruwa bai same ta tana jira ba. Ni na yi miki ƙarya."

Sai Bappa ya ce shi ma kakansa ya mutu, an naɗe shi da fari, kuma wanda ya mutu ba ya jin ruwa, ba ya jin ko ƙaya. Hadiza ta ce kakarta ma. Wani ya ce akuyarsu. Nan suka ɓarke da gardamar wa ya fi yawan matattu, ni ina zaune kamar an dasa ni.

Ta tashi. Na zaci buhu za ta. Ni ta nufo, ta dunƙule hannu ta yi ta dukana a ƙirji, a kafaɗa, a fuska, da laka da komai. Na jira Zainabu ta ce Malama ba ta duka ba ce. Shegiya ta kau da kai tana gyara wa wani kara.

Sai kuka. Na mutane, ba irin na ranar ruwa ba. Ban rungume ta ba, ban iya ba, na dai bar hannuna inda ta riƙe shi.

Kafin a tashi Hadiza ta yago farin tsumma, suka naɗe curin, suka tona rami gindin ceɗiya. Bappa ya yi liman, ya yi kabbara ta fi goma. Na so in ce ba kyau wasa da wannan. Ban ce ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Tana ci. Tana magana da Jabiru, tana gaya masa sunayen kifi. Ranar Alhamis har faɗa suka yi da Bappa da baki, ba haƙori. Fitsarin kwance na nan. Ni kuwa in na shigo sai ta yi shiru ta bi ni da ido.

To ta warke ke nan ko ba ta warke ba? Zainabu ta ce ba ƙurji ba ne da za a ce ya fashe.

Saƙon Yaya Kulu ya zo ta bakin masu jirgin kasuwa. Talata tana tafe.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na wanke mata kaya na ƙulle. Uwa ba ta cewa a bar mata ɗiyar fari, ba a taɓa yi ba a danginmu ko nasu. Na kwance ƙullin don na manta ɗankwali. Na sake ƙullewa.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Yaya Kulu ta koma da jirgin safe.

Jiya ta zo, Malam ma ya zo. Ta duba yarinyar ta ce ta yi ƙiba, amma tunda har yanzu tana jiƙa tabarma kuma ba ta gaida mutane, iskar ba ta gama fita ba, gara a kai ta tun kafin azumi. Malam ya sunkuyar da kai. Ƙullin na bakin ƙofa.

Na ce ma'aikaciyar asibiti ta hana. Na ce ta ce in aka katse zuwa ceɗiya kafin wata shida ciwon zai dawo ya fi na da, kuma za ta rubuta takarda zuwa sama. Yaya Kulu ta ce wace irin takarda? Na ce mai hatimi.

Zainabu fa ba ta taɓa faɗin haka ba. Sai na je gobe da wuri na gaya mata abin da ta ce.

Yaya Kulu ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Asma'u, boko dai ya cire muku kunya." Na ce umarnin asibiti ne, Yaya, ni mene ne nawa a ciki.

Don maganin ne kawai. An fara abu, ba kyau a bari a tsakiya.

Yau da hantsi na ga kanta ya yi buzu-buzu, kuma mai kitson unguwar nan tana da zafin hannu. Na zaunar da ita a tsakar gida, ƙofa a buɗe, matan gidan Sarkin Jirgi na wucewa suna leƙe. Su leƙa. Na yi layi biyu, sai ta ɗaga hannu ta shafa, ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Ba haka Inna ka yi ba."

Na ce to nuna min. Ta kama yatsuna ta kai su bayan kunnenta, ta ce daga nan ake farawa. Na tsefe na sake.